Ba lekol za ka zaɓa ba, gida za ka zaɓa

Ƙanena na ji saƙonninka, har uku cikin dare guda, wai in takardun iyali suka hito wace lekol ce ta fi kyau a Faransa ka sa yara. Kai ne mutum na huɗu daga Tawa da ya yi min wannan tambayar bana. Zancen biza kam ba ni shiga, kai ka fi ni sanin yadda abin ya koma tun da ambasad ɗinsu ta Yamai ta rufe farkon 2024.

Nan hwa ba kamar gida ba ne da za ka ɗora yaro bayan moto ka kai shi wurin direktan da kuka yi kilas ɗaya. Adireshinka shi ke zaɓa maka lekol. In lekol ɗin ƙananan yara ce, meri (ofishin magajin gari) za ka tahi da takardar haihuwa da karnen rigakafi da shaidar inda kake zaune, su duba titinka su ce ga taka, shi ke nan. Ana iya roƙon canji amma ba kullum ake ba da shi ba. Don haka kafin ka sa hannu a takardar haya, tahi ka tsaya bakin kolej ɗin unguwar lokacin tashi, ka ga yaran da idonka, ka tambayi iyayen da ke jira. Ni ban yi ba, haya mai arha na gani na ruga.

Babu CI, kilas ɗin farko na firamare na gida, a nan, daga CP ake farawa, kuma shekarun yaro suke dubawa kafin su ba shi kilas. Autarka ma ba za ta zauna gindin uwarta ba, tun 2019 lekol dole ce daga shekara 3.

Abin da ya ƙona min rai shi ne na babban ɗana. Yaron da a Tawa bai taɓa wuce na uku ba, muka zo nan, malama na yi mishi magana sai ya harɗe hannu ya sadda kai ƙasa yadda muka koya mishi, ita kuma ta riƙa rubuta wai ba shi kallonta, ba shi magana a kilas, ba shi da himma. Ladabinmu ne ya zame mishi laihi. Ni ko ina aikin dare, ban taɓa zuwa taron iyaye ba, a zatona ba a kiran uba lekol sai ɗa ya yi ɓarna. Ƙarshen turwaziyam, inda ake raba yara tsakanin lise na karatu da lise na sana'a, aka turo takarda na sa hannu tsaye, ina neman makullin gida. Daga baya na ji ashe uba na da kwana 3 na aiki ya ce bai yarda ba a sake dubawa. Yaron likita yake so ya zama. Yau aikin lantarki yake, shina da BTS ɗinshi, takardar sana'a ta shekara biyu bayan lise, albashinshi ya fi nawa alhamdulillahi, amma har gobe in na tuna wannan sa hannun sai in ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Ƙanwarshi kam babu taron da ban je ba, har malamai sun gaji da ganina, ga ta a jami'a yanzu.

Sai zancen babbar ɗiyarka, ka faɗa mata ita da uwarta tun kuna nan. Dokar 2004 ta hana hijabi a lekol ɗin gwamnati, a 2023 aka ƙara da abaya, bakin ƙofa ake cirewa a sa cikin jaka. Wasu na kai nasu lekol na kuɗi, mafi yawansu na Katolika ne, dokar ba ta hau kansu ba amma kowace da tsarinta, ka tambaya kafin ka biya ko sisi. A wurin cin abincin lekol ma ka faɗa musu tun ranar farko ba su cin alade. Karatun allo ko sai Asabar ko Lahadi a masallaci, in ka yi sake cikin shekara biyu Hausar ma sai su riƙa amsa maka da faransanci.

Ka taho da bilitan ɗinsu na shekara biyu da suka wuce, masu tambarin direkta, kar ka zuba su cikin akwatin da za a auna.