Filin Tambaya da Amsa: Jack Russell zai zauna lafiya da yarana kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yarana ne suka ga wani ɗan ƙaramin kare fari mai dabbare-dabbare a bidiyo, wai shi Jack Russell, tun daga ranar suka hana ni sakat sai an kawo musu. Babban shekararsa 10, ƙaramar 3, kuma muna da zomaye biyu a keji. Ni da babansu duk fita aiki muke sai yamma. Tunda ƙarami ne ai ba zai ba da wahala ba ko? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Toh gaskiya wannan ƙanƙantar tasa ita ce take yaudarar mutane, ɗan hakin da ka raina ne. Tsayinsa bai wuce santimita 25 zuwa 30 ba, nauyi kilo 6 ko sama kaɗan, amma karen farauta ne tun asali. Wani limamin coci a Ingila, John Russell, mutumin yankin Devon, shi ya faro irin, daga wata karya mai suna Trump da ya saya a 1819 yana ɗalibi a Oxford. Abin da yake nema kare ne da zai bi dawaki a guje, in yanyawa ta shige rami ya kutsa ya bi ta yana haushi har ta fito, farin jikin ma dan kar maharba su ɗauka shi ne yanyawar. Kinga kenan gudu da haushi da tona rami da taurin kai duk da gangan aka zuba masa su, horo yana rage su amma ba ya cire su.

Yanzu ki auna da gidanki. Karen nan yana buƙatar aƙalla awa ɗaya kullum ta motsa jiki na gaske, a jefa masa ƙwallo ya ɗauko, a ɓoye abu ya nemo da hanci, bawai a ɗan zaga da shi a dawo ba. In aka kulle shi tun safe har yamma shi kaɗai zai samo wa kansa aiki, ki dawo ki tarar da takalmi a yage, kujera an farke mata ciki, shi kuma yana gindin katanga hanci duk ƙasa ya haƙa rami rabin jikinsa a ciki yana kaɗa jela kamar bai yi komai ba. Maƙwabta kuma su sha haushi. Tsalle ma ya iya sosai, gajeren shinge ba ya tsare shi.

Zancen zomaye kam ban ma so mu ja shi. Duk abu ƙarami mai gudu a wurinsa abin kamawa ne, ko bai kai gare su ba zaman da zai yi a bakin kejin yana zuba musu ido ya ishe su tashin hankali.

Yaronki mai shekara 10 za su shaƙu sosai, dan kare ne mai kaifin basira da son wasa, baya gajiya. Ƙaramar ce damuwata. Yarinya 'yar shekara 3 za ta ja kunne, ta rungumo wuya, ta sa hannu a kwanonsa yana cin abinci, shi kuma ba mai haƙuri ba ne irin manyan karnukan nan masu sanyin hali. In kika ga ya sandare, ya kau da kai yana lasar baki, farin idonsa ya fito, toh gargaɗi yake, daga nan sai gurnani sai cafka. Ba a barin su su biyu ko na minti ɗaya, kuma kar a dake shi dan ya yi gurnani, in ya daina gargaɗin cizon zai zo ba sallama.

Ki kuma sani suna daɗewa, shekara 13 zuwa 16 ba abin mamaki ba ne, wato babban naki zai gama makaranta ya bar gida karen yana hannunki. Ni a ganina ki dakata har ƙaramar ta kai 6 ko 7 kuma a samu wanda yake wuni a gida. Yaran za su yi fushi na kwana biyu, ya wuce.

TAMBAYA: Malam, nawa Jack Russell ɗin yana tafiya sai ya ɗage ƙafar baya ɗaya ya yi taku biyu uku da ƙafa uku, sai ya sauke ya ci gaba. Wasa ne? Daga wani matashi.

AMSA: Ɗan uwa kar ka ɗauka wasa ne. Sau da yawa ƙoƙon gwiwa ne yake gocewa daga mazauninsa ya koma, kuma an san ƙananan karnuka da wannan. Ka ɗau bidiyonsa a waya lokacin da yake yi dan a gaban likitan dabbobi ba lallai ya yi ba, ka kai shi a duba, mai sauƙi rage ƙiba da kulawa ya isa, mai tsanani sai tiyata. In kun je ka sa a duba idonsa ma, irinsu madubin cikin ido yana gocewa, in ka ga ido ya yi ja ko hazo yana ƙanƙance shi, ranar za ka kai shi ba gobe ba.