Yadda za ka gane ko lissafinka zai rabu gida-gida

Malam, ka ce lissafinka na rabon taki a ƙananan hukumomi 11 na Gombe ya fi ƙarfin kwamfutarka, kana tambaya ko zai datsu. To kafin komai zana matiriks ɗin sharuɗɗan tukuna, wato jadawalin lambobi da kowane layinsa sharaɗi ɗaya ne na lissafin, ka sake jera layukan ka gani ko Kaltungo, Dukku, Billiri kowacce tana da nata a ware, sai 'yan kaɗan da suka haɗa su, kamar jimillar buhunan da ke sito ko yawan motoci. In haka ne hanyar Dantzig-Wolfe ta 1960, wata dabarar datsa babban lissafi zuwa ƙanana, za ta yi maka. In kuma shawara guda ce ta ɗaure su, a buɗe sito a Bajoga ko kar a buɗe, wannan aikin hanyar Benders ne ta 1962, ita ma dabarar datsa lissafi ce.

Inda mutane ke faɗawa shi ne su raba alhali sharuɗɗan haɗin sun yi yawa, wallahi sai ka ga abin ya ƙara jinkiri. Gwada GCG, wani shirin kwamfuta da aka gina kan manhajar warware lissafi ta SCIP, yana gano tsarin da kansa. Amma in akwai buɗe ko rufe da yawa a ciki, ka kai wa malamin lissafi a jami'a ya duba maka kafin ka gina komai.