Hukuncin ƙagaggen labari a kan matan Masar ta zamanin Fir'auna

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina rubuta labarin wasu aminai biyu a Masar ta dā, ɗaya ungozoma ce Bamisiriya, ɗaya baiwa daga Banu Isra'ila, a shekarun da Fir'auna yake yanka jarirai maza. Akwai inda ungozomar take kiran gunkinsu a ɗakin naƙuda, akwai kuma babin da mahaifiyar Annabi Musa take ba su haƙuri. Baiwar na ɗauko halinta ne daga wata ƙawata da muka ɓata. An ce min duk ƙagaggen labari ƙarya ne, haramun ne. In ci gaba ko in ƙona?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ki ƙona, 'yata, amma babi ɗaya sai ya fita.

Masu haramtawa suna kafa hujja da hadisin Abu Dawuda da Tirmizi a kan wanda yake shirga ƙarya don ya ba mutane dariya, da kuma aya ta 6 a Suratu Luƙman, wadda ta zargi mai sayen zancen shagala. Ban ga hujjar ta kai inda suke so ta kai ba. Ƙarya ita ce ki faɗi abin da bai faru ba a matsayin ya faru, mai sauraro ya tafi da shi. Wadda ta buɗe littafinki kuwa ta san ungozomar nan a kanki aka haife ta, to wa kika yaudara? Ita kuma ayar ta ɗaure zargin da sharaɗi, wato ɓatar da mutane daga hanyar Allah, kamar yadda Nadru ɗan Harisu yake kawo labaran Farisa don ya janye Ƙuraishawa daga sauraron Alƙur'ani. Ibn Hajar Alhaitami, babban malamin Shafi'iyya, ya halatta sauraron labarin da aka tabbata bai faru ba, muddin manufarsa buga misali ce da wa'azi. Mu ma da muka tashi a zaure, Muƙamar Hariri muka durƙusa muka karanta a gaban malamanmu, kowa ya san ƙagaggun labarai ne, ba wanda ya ce a rufe. Hirar mata a kan wahalarsu kuwa, ai Nana A'isha ta ba Manzon Allah (SAW) labarin mata 11 da suka yi alkawarin ba za su ɓoye komai na mazajensu ba, ya saurara har ƙarshe.

Inda hukunci ya canza shi ne mahaifiyar Annabi Musa. Ita ba taki ba ce. Allah ya ba da labarinta a Suratul Ƙasas, har da halin da zuciyarta ta wayi gari a ciki. Idan kika sa mata maganar da kika ƙirƙira, yarinyar da ta karanta za ta cuɗa taki da ta Alƙur'ani, gobe ta faɗe ta a Islamiyya. Haka Asiya matar Fir'auna, balle shi Annabi Musa, wannan babu saɓani. Ki bar aminan naki su ji raɗe-raɗin akwatin da aka tsinta a kogin Nilu daga bakin mata a wurin ɗibar ruwa, iyakarta ke nan.

Kiran gunki: hakaito kafirci ba kafirci ba ne. Matan Masar a kan tubali suke durƙusawa su haihu, suna kiran Tawaret mai siffar dorina. Ki nuna hakan yadda yake, amma kada ki zauna ki tsara wa gunki kirari mai daɗin da za a haddace, kuma kada labarin ya nuna gunkin ne ya sauke mai naƙudar lafiya.

Abin da ba ki tambaya ba ya fi damuna. Ƙawar nan da kuka ɓata, idan 'yan unguwarku za su gane ta, giba ce, ko da kin sa mata sunan Ibraniyanci kin mayar da ita baya da shekara dubu uku. Sirrin da ta faɗa miki lokacin kuna ɗasawa amana ne har yanzu. Ki sauya duk abin da zai nuna ta. Kuma idan kun wuce kwana uku ba ku gaisa, ki ajiye biron yau ki kira ta.

Allah ne mafi sani.