Me ya sa zafi ke tsinka mai amma yana ƙara wa iska kauri?

Ƙanena, ka ce malaminku na jami'ar KNUST da ke Kumasi ya ce benzin (sinadarin benzene mai ruwa-ruwa, ba fetur ba) yana tsinkewa da zafi, iska kuma kauri take ƙarawa, kana tambaya ko ya yi tuntuɓen harshe ne. A'a, daidai ya faɗa.

Je Suame Magazine, unguwar kanikawa a Kumasi, da sassafe lokacin hunturu, ka ga bakanike yana juye baƙin mai: a hankali yake zuba kamar zuma. In injin ya yi zafi kuwa, sai ya kwararo tamkar ruwa. Ƙwayoyin abu mai ruwa-ruwa suna riƙe da juna, zafi ne ke sassauta riƙon. Benzin dama riƙonsa bai kai na ruwa ba. A digiri 20 kaurinsa wajen 0.65 mPa·s ne (ma'aunin kauri ke nan), na ruwa kusan 1.0.

Iska fa daban take. Ƙwayoyinta a warwatse suke, babu wani riƙo da za a kwance. Zafi gudu yake ƙara musu, su riƙa kutsawa tsakanin sashen da ke sauri da wanda ke nawa, kamar 'yan dako a kasuwar Kejetia, sai tafiyar ta daɗa jan ƙafa. Duk da haka a digiri 20 kaurin iska wajen 0.018 mPa·s ne kawai.

Benzin yana tafasa a digiri 80, to daga nan ya zama tururi, ya koma bin dokar iska. Kada dai ka ce za ka gwada a ɗaki: yana kamawa da wuta nan take, shaƙarsa kuma tana jawo sankarar jini.