Tambaya da Amsa: Takardun da Ake Buƙata Don Yawon Buɗe Ido a Faransa da Italiya

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ina so in tafi da maiɗakina yawon buɗe ido Turai na kwana 12, kwana 8 a Paris, 4 a Rum. Waɗanne takardu zan haɗa, kuma a ofishin wace ƙasa zan nemi biza? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Alhaji, Faransa da Italiya duk suna cikin yankin Shengen mai ƙasashe 29, don haka biza ɗaya ce za ta shigar da kai duka biyun. Sai dai kowannenku da tasa bizar, kai da Hajiya. Ana nema ne a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Tunda kwana 8 za ku yi a Paris, Faransa za ka nufa, ko da a Rum jirginku zai fara sauka. Kada wani ya ce maka ka nemi ta wata ƙasa wai ta fi sauƙin samu. In jami'in filin jirgi ya ga bizar wata ƙasa, otal kuma na wata, yana iya tsare ku da tambayoyi, har ya hana ku shiga.

Fara da duba fasfo. Dole ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, kuma wa'adinsa ya zarce ranar da za ku bar Turai da aƙalla wata 3. Za ka cike fom a shafin France-Visas, ka nemi ranar ganawa a cibiyar da ofishin jakadancin ya wakilta, ku je da kanku a ɗauki hoton yatsunku. Hoton fuska shi ne mai faɗin milimita 35 da tsawon 45. Hajiya za ta iya ɗauka da hijabinta, muddin fuskar ta fito sarai daga haɓa zuwa goshi. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar, kuma ba a mayar da shi in an hana. Ana karɓar takardu tun saura wata 6 a yi tafiya. Yawanci amsa na fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, shi ya sa nake ba da shawarar a fara tun saura wata 3, musamman da yake samun ranar ganawa kan yi wuya gab da hutun bazara na Turawa.

Sai inshorar lafiya ta tafiya, wadda za ta ɗauki nauyin aƙalla Yuro 30,000, ta shafi duk ƙasashen Shengen da duk kwanakin zamanku. Haɗa da shaidar kama ɗaki a otal na kowane dare, da shaidar kama kujerar jirgi zuwa da dawowa, da ta jirgin da zai kai ku Rum. Kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Inda 'yan kasuwarmu suka fi tuntuɓe shi ne takardar banki. Mai duba takardunka bai san ka ba, bai san shagonka ba. Abin da yake son ya gane daga takardun shi ne ko kana da abin da zai dawo da kai gida. Mutum na iya juya miliyoyi a mako, amma da tsabar kuɗi, ko ta asusun yaron shago, nasa asusun kuwa shiru. Sai lokacin biza ya matso ya zuba kuɗi mai yawa rana guda. Wannan shi ne abin da ya fi saurin jawo hani, domin a wurinsu kuɗin aro ne aka saka don a nuna. Asusun da kullum kuɗi ke shiga suna fita, ko da bai kai wancan nauyi ba, ya fi shi daraja nesa ba kusa ba. Kawo bayanan asusunka na wata 3 zuwa 6, gwargwadon abin da ofishin ya nema a jerin takardunsa, da tambarin banki a kai. Ƙara da takardar rajistar kasuwancinka ta CAC (hukumar rajistar kamfanoni), da shaidar biyan haraji, da takardar gida ko fili in akwai. Lissafin Faransa shi ne Yuro 65 a rana ga kowane mutum mai otal, Yuro 120 ga wanda bai da shi. Ku biyu a kwana 12 ya kama Yuro 1,560, kuma wannan mafi ƙaranci ke nan, ya kamata abin da ke asusun ya ɗara haka sosai.

In kai ne za ka ɗauki nauyin Hajiya, rubuta wasiƙa ka faɗi haka, ka haɗa da takardar shaidar aure. Da yawa an ɗaura musu aure ba tare da an rubuta komai ba, to a nemi takardar tun da wuri. Ka kuma zauna ka jera takardun nan ka duba sunanka harafi bayan harafi. Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Mamman a rajistar shago, a idon baƙo mutum uku ne. A gyara, ko a yi rantsuwar kotu da ta bayyana cewa duk mutum ɗaya ne.

Ka yi hattara da dillalan da ke cewa su bar musu komai. Wasunsu kan haɗa takardar otal ta bogi ko su gyara alƙaluman banki, kuma ofishin na bincikawa. In aka gano, sunanka ne zai shiga rumbun bayanan da duk ƙasashen Shengen ke gani.

Ranar da fasfo ya dawo, karanta abin da ke jikin bizar kafin ka bar wurin: ranar farawa da ƙarewa, yawan kwanakin da aka ba ka, da sau nawa za ka iya shiga. In an rubuta 1, da zarar ka fita yankin ta ƙare. Ingila ba ta cikin Shengen, bizarta daban ce.

Biza kuma ba ta tilasta wa jami'in kan iyaka ya bar ka ka wuce. Yana da ikon neman ganin tikitin komawa, takardar otal, inshora da shaidar kuɗi, don haka ka buga su a takarda, ka riƙe a jakar hannu, kada ka sa su cikin akwatin da za a auna. Tun Oktoban 2025 aka fara sabon tsarin da ke ɗaukar hoton fuska da yatsu a kan iyaka, yana kuma lissafa ranar shiga da fita a kwamfuta, saboda haka ko kwana ɗaya kuka ƙara a kan wa'adi zai fito lokacin da kuka sake neman biza.