Waƙata ta farko tana nan a YouTube bayan na tuba, ya zan yi da kuɗinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni mazaunin Rigasa ne a Kaduna. Ina saurayi na yi waƙar soyayya da kiɗan fiyano, muka ɗauki bidiyonta a Gamji, ni da wata yarinya muna rawa. Ita ce waƙata ta farko, ita ta fito da ni, har a gidan biki da cikin keke napep ana sa ta. Yanzu na bar waƙa, ɗinki nake yi. Amma bidiyon yana tashata ta YouTube, kuɗi na shigo mini. Yarinyar ta yi aure, ta aiko in cire, ban cire ba tukuna. Wani ya ce tubana bai karɓu ba muddin ana jin waƙar. Haka ne? Kuma zan iya tara kuɗin in biya Hajji?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya tabbatar da kai, ɗana.

Abu biyu ka tambaya, amma mafi nauyi ka ratsa shi a tsakiya ka wuce: tashar taka ce, yarinyar ta aiko ka cire, ba ka cire ba. A nan hukuncin ya rataya. Ba zan tsaya kan saɓanin kiɗa ba, domin ko malaman da suka sassauta ba su halatta rawar saurayi da budurwa a gaban jama'a ba. Yau matar wani ce, wataƙila uwar 'ya'ya, kuma duk mai waya yana kallonta. Wannan haƙƙin ɗan Adam ne, istigfari kaɗai ba ya sauke shi. Ka goge bidiyon yau, ba gobe ba.

Kuɗin kuwa ba tsohon ladan waƙa ba ne. Na talla ne, da yawan kallo ake lissafa shi, wato kullum sabon ciniki kake yi da surar yarinyar. Hajji da shi? Khalil, malamin fiƙihun Malikiyya, ya faɗa a littafinsa Mukhtasar cewa Hajji da dukiyar haram ya inganta amma mutum ya yi saɓo, Imamu Ahmad kuma aka ruwaito daga gare shi cewa bai ma isar ba. Kada ka kai kanka Makka a kan wannan. Abin da ka riga ka ci ya wuce, ba a ce ka biya ba. Wanda ya rage ka ba mabuƙata, ba da niyyar neman ladan sadaka ba, da niyyar wanke hannu. In kai kanka a matse kake, Ibnu Taimiyya ya yarda mai tuba ya riƙe gwargwadon buƙatarsa ko jarin sana'a. To ka sayi zare da yadi, kada ka faɗaɗa.

Sai maganar wanda ya ce tubanka bai karɓu ba. Ba shi ya fara ta ba. An taɓa faɗin haka game da mai kiran mutane zuwa bidi'a, wai ko ya tuba ina zai kai waɗanda ya ɓatar? Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, ya nuna cewa madogarar masu wannan ra'ayi labari ne na Banu Isra'ila, kuma ya ci karo da Alƙur'ani. Duba Suratul Buruj, aya ta 10: mutanen da suka ƙona muminai a rami, Allah Ya ɗora azabarsu a kan cewa ba su tuba ba. Da sun tuba da an karɓa, alhali waɗanda suka ƙona ba za su dawo ba. Shugabannin Ƙuraishawa da suka musulunta ranar buɗe Makka fa? Mutum nawa suka mutu a kan kafirci ta dalilinsu? Ba wanda aka ƙi karɓar tubansa a cikin shugabannin nan. Hadisin da masu wancan ra'ayi suke kafa hujja da shi, na wanda ya assasa mummunar hanya yana ɗaukar zunubin masu binta, yana magana ne a kan wanda bai janye ba. Mai littafin Maraƙis Su'ud, malamin usulu (tushen fiƙihu) na Malikiyya daga Shinƙiɗi a Muritaniya, ya yanke maganar: wanda ya tuba bayan ya aikata abin da ya jawo ɓarna ya sauke wajibinsa ko da ɓarnar ta wanzu, ya ma kawo misalin mai yaɗa bidi'a da ya dawo alhali ana ci gaba da binta. Irin waccan fatawa ba abin da take haifarwa sai matashi ya ce tunda ba a karɓa, bari in koma situdiyo.

Sai dai wannan sauƙin na abin da ya fi ƙarfinka ne: kwafin da ke wayoyin mutane da kwamfutocin masu tura waƙa a kasuwa. Wanda ke tashoshin wasu kuwa, YouTube na da fom da mai haƙƙin mallaka ke cikawa a sauke, ka cika iya wanda ka gano.

Yarinyar kuwa, kada ka kira ta da kanka. Ka mayar da saƙo ta bakin wanda ta aiko, ko ta hannun 'yar'uwarka, cewa an cire kuma kana neman afuwa. Kuma kada ka yi bidiyon sanar da tuba kana ambaton sunan waƙar, na ga yadda hakan ke sa waɗanda suka manta su koma nemanta.

Wallahu a'alam.