Ga mai shirin zagaya Arewa a kan babur saboda ilimin yara

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun shekaranjiya na ga tambayarka, inda ka ce kana da niyyar hawa babur ka zagaya jihohin Arewa 19 cikin wata guda don jan hankalin iyaye su sa 'ya'yansu a makaranta, kana kuma neman shawarar wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya. Na dakata ne sai na samu natsuwa, domin maganar ta fi ƙarfin layi biyu. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya.

Ni da wani abokina, malamin firamare, mun yi irinta a watan Nuwamban 2022, kowa da babur ɗinsa ƙirar Boxer. Daga Kano muka bi Wudil, Dutse, Azare, Misau, Darazo, Dukku, Gombe, Kaltungo, muka tsallake gadar Numan har Yola. A dawowa muka biyo ta Gombe, Alkaleri, Bauci, Ningi da Birnin Kudu. Kwana 16 muka yi, sama da kilomita 1,400, a jihohi 5 kacal. Da za a mayar da ni baya, ko waɗannan biyar ɗin ma da na rage su.

Ka yi lissafi da kanka. Jihohi 19 a kwana 30, ko kwana biyu ba ka da su a kowace jiha, kuma yawancin lokacin a kan kwalta zai ƙare. Za ka shiga gari da la'asar, ƙugu ya ƙage, ido ya yi ja, ka ɗauki hoto a ƙofar gari, ka kwana, da asuba ka wuce. Mutanen garin ba su san ka zo ba, balle su san abin da ya kawo ka. Na san labarin Kunle Adeyanju yana cikin abin da ke zaburar da matasa, mutumin da ya taso daga Landan zuwa Legas a kan babur a 2022, ya yi kimanin kwana 40 a hanya saboda yaƙi da cutar shan inna. Amma ka lura, ƙungiyar agaji ta Rotary ce a bayansa, tana da mutane a ƙasashen da ya ratsa, ta daɗe tana wannan aiki kafin ya zo, ta kuma ci gaba bayan ya sauka daga babur. Kai ma abin da ya kamata ka fara tambayar kanka shi ne, idan ka bar gari, wa ka bari da maganar?

Mu da wahala muka koyi wannan. Mun fita da ƙaramar lasifika da kyalle da muka rubuta a jiki, da jawabin da muka haddace: alƙaluman UNICEF na cewa yara kimanin miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, yawancinsu a Arewa, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne. Duk gaskiya ne. Kwana huɗu muna maimaita wannan a bakin kasuwa da tasha, ana taruwa ana kallon baburanmu, ana sa mana albarka, ana watsewa. Ga shi lokacin an buɗe yaƙin neman zaɓen 2023, duk inda muka tsaya sai an tambaye mu wace jam'iyya ce ta turo mu.

A wani ƙauye tsakanin Darazo da Dukku wani dattijo ya bari na gama jawabina tsaf, sannan ya ce, “Yarona, ka shiga makarantar tamu ka gani?” Na ce ban shiga ba, Baba. Ya miƙe ya ja mu har can. Aji uku ne, biyu iska ta kwashe rufinsu tun damina, na ukun kuma an cusa yara tun daga 'yan aji ɗaya har manya, suna zaune a ƙasa. Malami ɗaya muka tarar, shi ne hedimasta, shi ne mai koyarwa, shi ne mai kaɗa ƙararrawa. Dattijon ya ce jikansa ya shekara huɗu yana zuwa nan, har yau bai iya karanta wasiƙa ba, alhali da a gona yake da ya iya noma. Ban samu abin ce masa ba. Daga ranar muka naɗe kyallen, muka mayar da lasifikar cikin jaka, muka koma tambaya da sauraro.

Abin da muka riƙa ji bai canja ba har Yola. Da wuya ka haɗu da uban da zai ce maka karatu ba shi da amfani. Za a ce maka yunifom, littafin rubutu, kuɗin da ake karɓa da sunan ƙungiyar iyaye da malamai, nisan sakandare, rashin makewayi ga 'yan mata da suka fara girma, malamin da sai ya ga dama yake zuwa. Wata uwa ta gaya mana ta bayan labule cewa tallar awarar da 'yarta ke yi da safe ita ce cefanen gidan, kuma daga ciki take tara mata kayan ɗaki. Ta ce idan akwai ajin yamma za ta tura ta. Wannan magana ce da za a iya ɗauka a kai inda ya dace, ta fi min jawabin da na haddace nesa ba kusa ba.

Ka kuma kiyaye harshenka a kan tsangaya. Kada ka tsaya gaban alaramma da almajiransa ka ce yaran nan ba su da ilimi. Yaron da ya haddace izu goma yana da ilimi, boko ne ba shi da shi. Inda muka durƙusa muka gaida malam, muka nemi shawararsa kan yadda za a haɗa wa yaran karatu da lissafi a ranakun Alhamis da Juma'a da ba a karatun allo, an saurare mu da kyau.

Hanyar shiga gari ita ce wadda ka sani tun a gida. Ka fara da ƙofar hakimi ko dagaci, shi zai haɗa ka da mai unguwa, da liman, da hedimasta, da shugaban kwamitin al'umma na kula da makaranta idan yana aiki. Idan liman ya saka maganarka a huɗuba ko ya faɗa bayan sallar magariba, ta shiga gidajen da ba za ka taɓa shiga ba. Mata kuwa sai ka samu malama ko shugabar mata ta garin, domin kai namiji baƙo iyakarka zaure. Gidan rediyon jiha ma ka neme su tun kafin ka iso, minti goma a shirin Hausa ya fi yini guda a tasha.

Lokacin tafiyarmu ma bai dace ba. Nuwamba kaka ce, yara suna gona wajen girbi da roron gyaɗa da wake, ajujuwa rabi babu kowa, kuma an riga an wuce lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai. Ka auna makonnin da ke gab da buɗe sabuwar shekarar karatu a watan Satumba, yadda uban da ya gamsu zai kama hannun ɗansa washegari ya kai shi. Sai dai ka san damina ce, ruwa kan cinye hanya, ka riƙa tambayar direbobin tasha kafin ka kama kowace hanya.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce, domin a yau babur abin zargi ne a wurare da yawa. Tun 2011 aka hana hawansa a Maiduguri, Kano ta hana acaɓa a 2013, Katsina da Zamfara sun sa dokoki masu tsauri a kansa a 2021, kuma irin waɗannan dokoki suna canjawa. Ka bincika kowace jiha kafin ka shiga. Ka riƙe lasin, takardun babur, inshora, katin ɗan ƙasa, da takardar gabatarwa daga hukumar ilimi ta ƙaramar hukumarku ko wata ƙungiya mai rajista, ka yi kwafi da yawa a leda. A wani shingen bincike an tsare mu fiye da awa biyu, wannan takardar ce da kiran waya ga wanda ya sa mata hannu suka fitar da mu. Duk hanyar da mutanen wurin suka ce kada ka bi, kada ka bi. Kada ka yi tafiyar dare, kada ka wallafa inda za ka kwana sai ka bar wurin, kada kuma ka tafi kai kaɗai.

Shi kansa babur ɗin ba ya buƙatar dogon bayani. Sababbin tayoyi, sabuwar sarƙa, juyen baƙin mai kafin tashi da kuma a tsakiyar tafiya. Ka ɗauki tif, fulogi, wayar kuloci, famfo da 'yan sifanu. Boxer tana da daɗin sha'ani, kusan kowane gari akwai bakaniken da ya san ta. Hular kwano mai gilashi, safar hannu da takalmi rufaffe dole ne, ko da zafi ya ishe ka. Idan tirela ta taho, sauka gefe ka ba ta hanya. Kilomita 150 zuwa 200 a yini ya wadatar, ka gama kafin azahar. Tanki ya kai rabi ka sha mai, domin mu mun faɗa cikin ƙarancin man ƙarshen 2022, sau biyu sai wajen 'yan bumburutu muka samu.

A ƙauyen dattijon nan mun kwana biyu. Mai unguwa da hedimasta suka bi gida gida suka rubuta sunayen yaran da ba sa zuwa, muka karɓi kwafi. Da muka dawo Kano, kuɗin da abokai suka tara mana don zagaye na biyu muka sayi kwano da ƙusa, mutanen garin suka kawo katako suka yi aikin gayya aka rufe aji ɗaya. Har yanzu hedimastan yakan kira ni. Ba duk yaran da aka rubuta ne suka ɗore ba, kuma maganar ƙarin malami tana nan ana bin ta. Sauran garuruwan da muka yi jawabi muka wuce, ko lambar mutum ɗaya ba ni da ita.

Ka zaɓi jihohi biyu ko uku, ka fitar da garuruwa kamar goma, ka samo mutum ɗaya a kowanne tun kana gida. Idan ka rubuta su ka turo nan, waɗanda ke kan hanyar da muka bi zan gaya maka yanayinsu da inda ya fi dacewa ka kwana. Allah ya tsare hanya, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.